Masallacin Roba na Kakanmu

Jiya ɗana ya zazzage kwalin kayan wasansa a tsakar ɗaki, 'yan bulullukan robar nan masu shiga juna, sai na ji ƙarar har cikin haƙorana. Na daka masa tsawa alhali bai yi laifin komai ba. Mai karatu, ka yi mini uzuri. Na san ƙarar nan tun ina yarinya a gidanmu na unguwar Nima, a Accra, kuma ba da daɗi muka rabu ba.

Kakanmu na wajen uba mutumin arewa ne. Ya sauko Accra yana saurayi, ya yi gadi a gidan wani Bature har gemunsa ya yi fari, bai taɓa komawa garinsu ba. Da Baturen zai tafi, ya bar masa buhu guda na bulullukan 'ya'yansa. Da wani ne, kasuwa zai kai. Shi kuwa ya ja buhun zuwa ɗakin ƙarshe, na kusa da famfo, ya kwantar da tsohon ƙyaure a kan duwatsu, ya ce zai gina masallacin garinsu. Masallacin ƙasa ne, wanda ko kakannin kakanninsa a tsaye suka tarar da shi.

Da ka yake ginin, ba hoto ba zane. Fararen bulo ne kawai ke fitowa waje. Ja da ɗorawa yakan ɓoye su a cikin bango, ya ce su ne tubalin ciki. Idan farare suka ƙare, ni yake aikawa wurin masu kayan gwanjo in tona masa. Ya yi hasumiya biyu masu tsini, da ginshiƙai jere a jikin bango, ya soka tsinken tsire a tsakaninsu a madadin itatuwan da magina ke takawa. Ƙofar gajera ce, domin a garinsu ko sarki sai ya sunkuya. Ginin ya kai mini ƙirji, ya fuskanci alƙibla daidai, kuma ba mai shiga ɗakin da takalmi. Duk ƙarshen damina sai ya kwance fatar waje, mu wanke a bokiti, ya mayar, don a lokacin ne duk garinsu ke fitowa yaɓen masallaci.

"Tsoho, wa zai yi salla a ciki, kyankyasai?" nakan tsokane shi.

"Uwargida, sun fi ki tashin asuba. Miƙo fari."

Rigimar daga baba ƙarami ta taso, ƙanin babana, mai sayar da kayan mota a Abossey Okai. Yana son aure, iyayen yarinya kuma sun ce ba ɗaki ba rana. A baranda yake kwana, ruwan sama na feso masa, ga ɗaki guda an ba wa roba. Gaskiya ɗaya ce, yana da hujja, don a Nima ɗaki ya fi gona. Babana kuwa ya tsaya a bayan tsoho, ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa ginin.

Wata rana na ga baba ƙarami ya nufi ɗakin da guduma. A bakin ƙofa ya cire takalminsa, shi kansa bai sani ba. Ya tsaya a kan masallacin yana huci, sannan ya fito ya sauke gudumar a kan randar kakarmu. Wa zai yarda a riƙa nuna shi a unguwa ana cewa ga wanda ya rushe masallaci, ko da na roba ne? Tunda ya kasa dukan ginin, sai fushinsa ya koma kan abin da ke dukuwa. Ya ɓalle ƙofar bayi. Ya mari yayana saboda ya yi dariya. Gida ya zama kowa na tafiya da sanɗa.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne, an kwana ana ruwa, babban gota, wato kwatar unguwa, na ta ƙugi a bayan gida. Mata na wanki, gwaggonmu na dama koko. Baba ƙarami ya shigo da samari biyu, ya ce su ɗauki ƙyauren da ginin a kai su ajiye a tsakar gida. Babana ya tare ƙofa.

"Yaya, matsa. Ba na fasa shi ba, waje kawai za shi."

"Waje cikin ruwa? Kai ba ka da kunya koraa, ko kaɗan."

Ban ga lokacin da ya zaro ƙarfen kwance taya daga bayan wandonsa ba. Ƙarar na ji, kamar an fasa kwakwa. Goshin babana ya dare, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya gangaro har cikin gemu. Samarin suka ari na kare. Babana ya fizge taɓarya daga hannun mamata ya kai wa ƙaninsa a haƙarƙari, ya ƙara masa a hannu, na ji ƙashi ya ce ƙas. Tukunyar koko ta kife a ƙafar gwaggo, ta ƙwalla ƙara. Kakarmu ta shiga tsakani, aka ture ta ta faɗi a cikin ruwan wanki. Ni kuwa tsoro ya sa na saki fitsari a tsaye.

Suka faɗa cikin ɗakin a rungume, suna birgima, suna shaƙe juna. Baba ƙarami ya ciji kunnen yayansa. Babana ya danna masa gwiwa a wuya har idanunsa suka firfito. Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne, a cikin wannan haukan kowannensu na naɗe ƙafafunsa kada ya shuri masallacin. Suna neman ran juna, amma suna kaffa-kaffa da roba. Jininsu ne kawai ya fantsama a farin bangon.

Sai ga kakanmu, ya dawo daga gaisuwar mutuwa. Bai yi salati ba, bai kira sunan kowa ba. Ya shiga da takalminsa. Ya ɗaga sandarsa ya sauke a kan babbar hasumiya. Ya sake, ya sake, yana nishi, bulullukan na tsalle suna dukan kwanon rufi, ja da ɗorawan da ya ɓoye suna zubowa waje. Da sandar ta karye ya sa ƙafa. 'Ya'yansa suka saki juna, suka zauna a ƙasa baki buɗe, suna kallon ubansu.

"Ga ɗaki," ya ce. "Ku tashi."

Shi da kansa ya share, bai yarda na taya shi ba. Ya zuba a gota, ruwa ya tafi da su. Daga ranar bai ƙara ambaton garinsu ba. Da na ce mu sake wani, sai ya ce ya manta yawan ginshiƙan. Ƙarya yake yi, na kuma san ƙarya ce, na yi kuka har na gode Allah. Damina biyu bayan haka muka kai shi makwancinsa, a nan Accra.

An yi auren, an ci tuwo, an yi rawa. Yau babana da ƙaninsa tsofaffi ne, tare suke tafiya masallaci, babana mai ido ɗaya na jan ƙaninsa mai shanyayyen hannu. Idan jikoki suka tambayi tabon, sai su ce hatsarin trotro ne, wato motar haya. Baba ƙarami ya daɗe da gina gidansa a bayan gari, yaran yanzu kuma ba mai son zama a ɗaki ɗaya da bayi na haɗaka. An fasa wa ɗakin ƙofa ta titi, wata mata na tara buhunan ruwan leda a ciki. Duk sanda na wuce ina ganinsa a buɗe, ba mai kwana a cikinsa.