Kunyar Suruki Ta Sandarar Mini da Gwiwa

A lokacin ni malamar firamare ce a Roni, na kusa ajiye aiki, kuma mace ce mai kunya irin wadda aka rene mu da ita a gidan Fulani: ba a kuka a gaban mutane, ba a miƙe ƙafa a gaban suruki. Sanyin ƙashi ya daɗe yana cin gwiwata ta dama. Tsayuwa a gaban allo ban damu da ita ba, abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. Na koma yin ta a kan kujera, ina kallon sa'o'ina suna kai goshi ƙasa.

Da aka kai ni asibiti a Kano, likita ya ce gefe ɗaya ne ya cinye, ba sai an sauya gwiwar duka ba, za a kankare wajen a sa ƙarfe da roba. Na tambaye shi ko zan sake yin sujada. Ya ce akwai kyakkyawan zato, amma nasa aikin rabi ne, sauran nawa: kullum in kwanta in ɗaga ƙafar, in lanƙwasa ta ko da tana zafi. Na amsa da to, don a ganina wannan ba wani abu ba ne.

Bayan an sallame ni, 'yata ta tafi da ni gidanta a Kazaure. Mijinta mutumin kirki ne, safe da yamma sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Wata safiya na ɗauki ƙafar na lanƙwasa, ƙara ta kuɓuce mini daidai lokacin da ya yi sallama a bakin ƙofa. Na ji takunsa yana komawa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar na ja zane na rufe ƙafar, na bar ta a miƙe. 'Yan dubiya daga Roni da Babura suka ƙara mini ƙarfin hali, suna cewa ƙashin da aka taɓa hutu yake so, kamar ɗori. 'Yata kuwa na riƙa ce mata ina yi idan ta tafi aiki.

Ranar da na koma asibiti, likita ya kama gwiwar ta ƙi tanƙwaruwa. Bai yi faɗa ba. Aka sa ni barci aka lanƙwasa ta da ƙarfi, abin da aka samu kaɗan ne, don nama ya riga ya kama. Sai a lokacin na gaya wa 'yata gaskiya. Da surukina ya ji dalili, ya gaya wa 'yata cewa da ya sani, da ya koma gidan ƙaninsa har in warke. Wannan magana ta sa ni kukan da na daɗe ina ɓoyewa.

Yau ciwon ya tafi, ina zuwa kasuwa ba sanda, na gode wa Allah. Amma abin da ya kai ni ɗakin tiyata ban same shi ba. Iyayena da 'yan'uwana mata, kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma jinya ba wurinta ba ne. Duk wadda aka ce ta motsa ƙafa, ta motsa, ta yi ihunta ko wa ke tsakar gida. Kujerar da nake salla a kai yanzu, surukin nan nawa ne ya sa kafinta ya yi mini.