Karatun da Malam Ya Daina Rerawa

Ni na yi laifin, kuma ba ni da uzuri. Na san abin da nake yi a lokacin da nake yin sa.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ɗinki a bakin kasuwar Ikara. Kusa da shagona akwai ƙaramin asibiti, mai kula da shi Kirista ne daga kudancin Zariya, ya girme ni sosai. Malam muke ce masa. Ran Lahadi shi ke jan addu'a a wani ɗakin ƙasa da ke bayan asibitin, shi da mutanensa da ba su kai ashirin ba. Ni na ɗinka masa farar rigar da yake sawa, mai maɓalli uku a kafaɗa.

Malam yana da i'ina mai tsanani. Ranar da nake gwada masa rigar na ce, "Malam, kai da faɗin sannu kawai ke ɗaukar ka rabin yini, yaya kake karanta musu littafi?"

Ya yi dariya har allura ta soke shi. Ya ce, "Tela, bakinka ya fi almakashinka kaifi."

Sai ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba. In ya rera magana, harshensa ba ya sarƙewa. Shi ya sa karatu da sanarwa duk rera su yake yi, yana ɗan buga ƙafar dama. Mutanensa sun ɗauka haka aka koya masa ibada.

An san ni da kwaikwayon mutane a wajen biki. Wani ɗan'uwana da ke aiki a sabon gidan talabijin a Kaduna ya aiko mini in zo, za a yi wasan ban dariya a kan wani coci, na farko gwaji ne, in ya yi kyau a riƙa yi duk mako. Kafin in tafi na shiga asibiti ina taƙama. Na ce, "Malam, coci zai fito a talabijin, ni ne mai wa'azi." Har ranar da za a nuna na gaya masa.

Kwana biyu muna gwaji, ba wanda ya ko murmusa. A rana ta uku na ji ana raɗa cewa za a mai da ni gida. Sai na sarƙe harshe a kan kalma ɗaya, na zaro ido, sannan na ɓarke da rerawa ina buga ƙafa. Har mai riƙe da fitila ya zauna a ƙasa don dariya. Shugaban shirin ya ce, "Haka za ka yi, kada ka canza komai."

Saura kwana huɗu a lokacin. Motar Ikara tana tashi kullum, da na rubuta layi biyu na ce kada ya kalla, da ya samu. Ban rubuta ba. Zama na yi na ɗinka farar riga mai maɓalli uku a kafaɗa.

Malam ya kwashi matarsa da mutanensa, cikin kayan Lahadi, suka hau motar auduga zuwa Zariya. Suka tsaya cikin taro a gaban wani kanti da ke ajiye akwatin talabijin a taga. Matarsa ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce da na fara rerawa taron ya kwashe da dariya, su kuwa mutanensa ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna kallon sa. Bai motsa ba, hannuwansa a baya, har aka gama.

Ba a yi na biyu ba. Na koma kan keken ɗinkina.

Malam bai taɓa ɗaga maganar ba. Yana gaishe ni kamar da. Amma ran Lahadi, da na saba jiyo rerawarsa ta kan katanga, yanzu karatu yake yi kai tsaye. Sai ya maƙale a kan kalma, ya yi ta fama, ɗakin ya yi tsit, wani ya yi tari. Nakan tsai da keke in jira kalmar ta fito. Abin da nake iyawa ke nan. Na ɗinka masa sabuwar riga na aika, ya dawo da ita da godiya, ya ce tsohuwar ba ta mutu ba.

Aka yi masa canji zuwa Makarfi. Sai da damina uku ta wuce kafin na iya zuwa. Na same shi yana tafasa allurai a bayan asibiti.

Ya ce, "Tela, lafiya?"

Na durƙusa. Na ce, "Malam, ba coci na kwaikwaya ba, kai na kwaikwaya. Ka ba ni amanar abin da kake rufa wa kanka asiri da shi, na kai shi gaban mutane don a tafa mini. Na san za ka kalla, ban hana ka ba. Ba zan iya mai da maka da shi ba. Don Allah ka yafe mini."