Ranar da Na Riƙe Hannun Surukina

Ban taɓa kurɓar giya ba, amma ɗanɗanon farar giyar inabin Faransa na san shi sarai, don surukina ya yi ta biya mini shi har na haddace. Mutumin birnin Guangzhou ne, a ƙasar Sin. Na auri 'yarsa bayan ta musulunta, lokacin ina sayen tufafi a kasuwar Baima ina aikawa Kano. Tsoho ne mai son a saurare shi, giyar nan kuwa ita ce abin taƙamarsa.

Duk sabuwar shekararsu sai ya tara dangi cin abincin rana a wani gidan abinci a unguwar Tianhe. Da an kawo kwalba sai karatu ya tashi. Ya jujjuya kofi, ya shinshina, ya lumshe ido. Wai tana da nauyi a harshe kamar man shanu, da ƙanshin gangar itacen da ta daɗe a ciki, da ɗan zaƙin zuma, sannan tsami ya biyo baya ya wanke baki. Wai abokin tafiyarta turararren kifi ne, ko ƙaguwa, ko kaza mai maiƙo, barkono kuwa kashe ta yake yi. Nan yakan harare ni, don ya san ba na rabo da ƙullin yaji a aljihu. Ni dai in ɗaga kofin shayina in ce, "Gaskiya ne, Baba." Ya ce bakina bakin ƙauye ne, in yi dariya in shanye. A gidanmu ko ido ba a haɗawa da suruki, balle musu.

Shekarar da 'yarmu ta fara zama, tana kan cinyarsa aka kawo kifi, aka zuba giya. Yana son yarinyar nan kamar ransa, wannan ba zan musa ba. Sai na ga ya tsoma tsinken cin abincinsa a kofi, ya ɗago shi yana ɗiga, ya nufi bakinta. Ƙannensa suka hau tafi. Ashe al'ada ce a wasu gidajensu, kaka ya ɗanɗana wa jika giya, a sha dariyar yadda za ta yamutsa fuska. Yarinya kuwa har ta buɗe baki.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na riƙe wuyan hannunsa gam.

"Ɗigo ɗaya ne fa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Haka na yi wa uwarta."

"Uwarta 'yarka ce, Baba. Wannan tawa ce."

"Sake ni."

"Ajiye tsinken tukuna."

Kunya kamar in nitse, ga matata ta sunkuyar da kai tana hawaye. Amma ban saki ba sai da ya ajiye. Na ɗauki 'yata na koma kujerata, na zauna har aka watse.

A jirgin ƙasa muna komawa gida, matata ta ce na tozarta tsoho a gaban ƙannensa, da na yi mata ido ita ta hana shi. Na ce kafin ido ya isa, tsinke ya isa. Da labari ya kai wajen 'yan Kano a unguwar Guangyuan, wani Alhaji ya girgiza kai ya ce riƙe hannun suruki ba tarbiyya ba ce. Na ce ya bari sai an nufi bakin 'yarsa, sannan ya koya mini tarbiyya.

Bayan kwana biyu na sayi ganyen shayi mai kyau na je gidan tsohon. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan riƙon da na yi masa. Ya tambaye ni ko hanin ma na yi nadamarsa. Na ce a'a. Ya turo mini ganyen shayina.

Tun daga ranar bai sake zolayata ba, kuma abin yana yi mini ciwo, don ina son tsohon nan. Duk shekara muna zuwa. Kujerata tana can ƙarshe, nesa da shi, 'yata kuma a kusa da ni take cin abincinta.