Kawu Musmar da shayin da ya bari

Duk wanda ya san Kawu Abbakar ya san ba a gama gaisuwa da shi sai ya duba maka ido. Kana miƙa hannu, shi babban yatsansa na kan kuncinka, ya ja fatar idonka ƙasa ya leƙa kamar mai taya akuya a kasuwa. In cikin ya yi ja ya ce, "Kwayyis, lafiya lau, wuce." In ya yi fari ka shiga uku, ranar sai ka ci hanta ko kana so ko ba ka so.

Ba haka kawai ya tsiri abin ba. Mahaifiyata ƙanwarsa ce, wajen haihuwa ta rasu ina ƙarama. Kawu na tsaye likita ya duba idonta ya ce jininta ya yi ƙasa tun kafin naƙuda. Daga ranar babu idon da ya tsira a garinmu na Jazirar Sudan, har na liman. Da Usman ya zo gaishe shi a kan maganar aurena, ya durƙusa yana ta sunkuyar da kai, Kawu ya ɗago masa haɓa ya yi nasa binciken.

"Wanga yaro ɗan wa ne?"

Aka gaya masa.

"Asali kwayyis. Jini babu. Ya tai ya ci waken adas, ya komo bayan kaka."

Wallahi sai bayan kaka aka sa rana.

Sunan Musmar kuwa, wato ƙusa, lemun tsamin tsakar gidansa ne ya jawo masa. Ganyen ya koma ruwan ɗorawa, jijiyoyin kawai suka rage kore. Kawu ya tare mufattish, malamin gonan da ke zagaya hawasha, wato gonakinmu na noman rani, ya jawo shi har gida. Mutumin ya juya ganye ya ce ƙarfe ne itacen ya rasa, akwai garin maganin da ake damawa a fesa.

"Ƙarfe? Shi kaɗai? Ya zol, bawan Allah, ƙarfe ni ka da shi!"

Ya fara da ƙusoshi masu tsatsa. A hanyar masallaci kansa na ƙasa yana tsinta, aljihun jallabiyarsa duk ya huje. Ya binne sarƙar keke, ya binne tsohon lauje, ganye bai canza ba. Mufattish ya sake yi masa bayani, ya ce baƙar ƙasar Jazira tana da ƙarfe, riƙe shi take ta hana saiwa, ko mota ya binne haka za ta yi.

"Ashe ƙasag ga ma rowa gare ta," in ji Kawu. "To mu gani, ni da ita."

Wata safiya matarsa, Inna Kulu, ta dama ƙullun kisra, gurasarmu ta dawa, ta nemi saj, faifan ƙarfen da take gashi a kai, sama ko ƙasa. Ta ga sabuwar ƙasa a gindin lemo, ta gane.

"Malam, mi za mu ci?"

"Mu muna iya haƙuri. Shi itace bai da baki."

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta aika aka sayo mata garin mufattish, duk sanda Kawu ya tafi hawasha sai ta fesa. Nufinta itacen ya warke a tono mata kayanta. Itace ya yi kore shar. Kawu ya tara maƙwabta ya nuna musu aikin saj, ya kuma rantse ba mai taɓa shi tunda shi ke riƙe da lemon. Har yau yana can ƙasa.

To, ni ce na zo na zama babban aikinsa. Da na samu ciki na fari sai jiri, in na ɗauko ruwa daga tur'a, magudanar ruwan gonaki, sai na zauna a hanya ina haki. Ungozoma ta ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, in na je haihuwa a haka akwai haɗari. Ta ba ni jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, ta ce in riƙa matsa lemo a abinci, kuma kada in ɗora shayi a kan abinci, yana hana jiki karɓar ƙarfen. Ni kuwa ƙwayoyin na tayar mini da zuciya, ga mata na cewa suna sa ɗa ya yi ƙato a ciki. Na cusa su ƙarƙashin katifa. Shayi kuma, haba! A Sudan a ce mutum ya ci fatur, wato karin kumallo, bai sha shayi ba?

Usman ya yi lallashi ya gaji, ya kai ƙara wurin Kawu. Washegari da hantsi sai ga Kawu da aljihu cike da lemo. Ya zauna a bakin ƙofata, ya sa ƙafa ya jawo butar shayin gabansa.

"Ina hubub ɗin, ƙwayoyin nan?"

"Sun ƙare, Kawu."

"Ɗaga katifa."

Na ɗaga, ga su nan. Na haɗiye ɗaya ina hararar bango. Raina ya ɓaci, na ce, "Kawu, kai da kake shan shayi kafin salla da bayan salla, kai za ka hana ni? In ka bari, na bari."

Na faɗa ne don na san ba zai yiwu ba. Mutumin da ko azumi da shayi yake buɗe baki kafin dabino! Ya dube ni, ya dubi butar.

"Halas, shi ke nan. Na bari."

Ungozoma da ta ji ta ce masa ba haka take nufi ba, tazara kawai za a bayar bayan cin abinci. Ya ce shi bai san rabin magani ba.

Gari ya ɗauka. A wajen zaman makoki aka miƙo masa kofi ya ce alhamdu lillahi, sai da wani dattijo ya tambaye shi ko likita ya ba shi wa'adi ne. Mai shayin bakin kasuwa, Sittu Nafisa, ta yafo tobinta, babban mayafin nan, ta zo har gida jin laifin da ta yi. Inna Kulu ta ce ciwon kai ya riƙa kama shi har sai ya ɗaure goshi da rawani tamau, ya yi ta faɗa da kaji. Amma kullum da hantsi yana bakin ƙofata, ya matsa mini lemo a kan adas, ya ga na haɗiye ƙwaya, ya ce in buɗe baki ya tabbatar. Na ji haushinsa ba kaɗan ba. Sau nawa ina shirin dafa shayi a ɓoye, sai in tuna ɗaurin rawanin nan in fasa.

Haihuwar ta zo da gardama, aka ɗauke ni zuwa asibitin Hasahisa. Na zubar da jini sosai. Likitar ta ce da a yadda nake a farkon cikin na zo, da labarin ya bambanta. Usman ne ya fita ya sami Kawu a gindin bishiyar ƙofar asibiti, tun safe yana tsaye.

"Kawu, an samu mace!"

"Ban tambaye ka ba. Uwar fa?"

"Tana lafiya. Har ta yi magana."

Usman ya ce sai kawai Kawu ya zauna a ƙasa daɓas, cikin ƙura, da farar jallabiyarsa. Can ya ɗaga wa wata mai shayi hannu.

"Ya hajja, shayi. Mai nauyi."

Ya riƙe kofin, hawaye na sauka cikin gemu. Usman ya ce, "Kawu, kuka kake?"

"Tururi ne. Kai dai ba ka da jini, ba ka da hankali."

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Ni ban san fuskar mahaifiyata sosai ba, amma 'yata ta san tawa, kuma na san ta hannun wanda Allah ya yi mini wannan. Allah ya jiƙan Kawu Abbakar, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da ƙanwarsa, ya shayar da su daga Alkausara. Amin.