Ranar da Malam Ya Tuɓe wa Shafina Riga

Da shari'a ta zo aka rufe gidan kallon da ke bayan tasha, sai mu yaran Bagudo muka kwashi surutunmu muka kai shagon koyon kwamfuta na wani malami ɗan Zagga. Kwamfutocinsa sun girmi kakata. Janaretonsa kuwa in ya yi tari, har mutanen Benin sai sun yi masa sannu. Duk da haka ban taɓa zama wurin da ya kai shagon nan daɗi ba.

Baba ya bar ni na shiga bisa sharaɗi guda: in ban samo takardar shaida ba, fadama zan koma korar tsuntsaye a gonar shinkafa.

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya gina shafin intanet mai jerin kalmomi da ma'anarsu. Na zaɓi kifayen da kawuna ke kamowa a kogin Kwara. Malam ya riga ya koya mana alamomin: dl ce kwandon da ke ɗauke da jerin, dt sunan abu, dd bayanin da ke biye da shi. Kwalliya kuma wurinta daban, a fayil ɗin CSS. Na gwada, shafin ya fito kamar figaggiyar kaza.

Sai na yi dabara. Na watsar da alamomin, na yi akwati biyu, sunaye a hagu, bayanai a dama, na dinga cusa layukan banza har kowane kifi ya zauna daidai da bayaninsa. Na zuba kore da ja da ruwan ɗorawa. Babur ɗin ɗan Illo ranar kasuwa bai kai shi ado ba.

Malam yana da wata al'ada in zai duba aiki. Ba ya kallon kyau. Gefen tagar shafin yake ja ya matse ta, sannan ya cire CSS ɗin, wai yana tuɓe wa shafi riga ya ga ƙashi.

Yana matsewa, dogon bayanin tarwaɗa ya karye gida biyu ya turo na ƙasa. Giwan ruwa guda, sai ga shi an ce ɗan ƙaramin kifi ne mai ƙaya da gunaguni, bayanin kurungu ke nan.

"Ɗan Sarkawa," in ji Malam, "wanga giwan ruwan ciwo ya yi?"

"Azumi yake, Malam."

Ajin ya kwashe da dariya. Da ya cire rigar kuwa, sunaye suka taru a sama, bayanai suka zube a ƙasa, babu wanda ya san uban wani.

"Ido ka yi wa aiki," ya ce. "Na'ura ba ta da ido. In ba ka ɗaure suna da bayaninsa ba, ita da makahon da take karanta wa mi za su gane?"

Na fara jin kukan tsuntsayen fadama a kunnena. Na roƙe shi, na haɗa shi da iyayensa da kakanninsa har da janareton. Ya ba ni zuwa Juma'a.

Na koma wa dl ɗin da na raina. Kowane dt da dd ɗinsa a gindi, sannan a CSS na kaurara sunayen, na jingine su hagu, na ba bayanan tazara. Adon bai kai na farko ba, amma Malam ya matse, ya tuɓe, kifayena ko gezau.

Da na kai takardar shaidar gida, Baba ya juya ta ya sake juyawa, ya ce ƙanena ya shirya gwangwani da majajjawar korar tsuntsaye. Har yau yaron bai yafe mini ba.

Malam ya koma Birnin Kebbi bara. Taki ake sayarwa a shagon yanzu, kuma in na wuce nakan rage tafiya in leƙa.