Tsingarona a Hannun Gwamnati

Shekarar da fari ya ƙone gero tun bai yi kai ba, ginin tukwane ne ya riƙe gidanmu. Ina ɗebo yumɓu a wani rami da ke gindin kufai, yamma da ƙauyenmu a ƙasar Gagarawa, in gina tulu da randa, ran Alhamis a kai kasuwar Maigatari.

Rannan na je sai na tarar an kafa turaku, an zagaye kufan da igiya, har da ramina. Ga allo da rubutun boko. Lokacin ban shiga yaƙi da jahilci ba, mai unguwa ne ya ce mini ma'aikatan kayan tarihi ne daga Kano, wai wurin tsohon gari ne, gwamnati ta hana tono. Ya ce in yi haƙuri. Na tambaye shi ko haƙurin zan tuƙa wa yara.

Washegari na sami ma'aikatan a gindin tsamiya. Babbansu, wani dogo mai tabarau, ya jera tsingaro a tabarma, kowanne da lambarsa da farin fenti. Ya ce a bakin ramin suka tsince su, shi ya sa igiya ta kai can, aikin mutanen da ne.

Na ɗauki ɗaya na juya.

"Ranka ya daɗe, ga mutumin da ɗin tsaye a gabanka. Randata ce, bara ta fashe a wuta."

Na sa babban yatsana a gurbin yatsa da ke ƙasan bakin randar, ya zauna daram. Duk abin da ya fashe mini wajen gashi a bakin ramin nake zubarwa.

Na ɗauka zai fusata. Sai ya cire tabarau ya ce, "To Inna, ware mana naki."

Na ware nawa, na ware na uwata. Sauran masu kauri, baƙaƙe, waɗanda suka samo a kan tudun da ke cikin kufan, ban san hannun da ya gina su ba, na kuma gaya masa haka.

Ya ce sai ya rubuta Kano kafin a sakar mini ramina. Kwana goma sha wani abu ban taɓa yumɓu ba. Sannan aka aiko masinja, shi da mai unguwa suka tuge turaku uku suka matsar da igiyar daga ramina. Sharaɗin shi ne kada in yi tono wajen tudun, in kuma na ci karo da wani abu in kai wa dagaci. Na yarda. Ran nan sawu biyar na yi da kwando, wuyana na ciwo, ban damu ba.