Sojan da Ya Kai Ni Konduga

Ban taɓa mantawa da ranar da na tabbatar wa Maiduguri cewa ba a haifi mai hangen nesa irina a wasan ces ba, wato darar Turawa. Ni fa kafin mutum ya ɗaga hannu na riga na ga jana'izar sarkinsa.

Shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ina akawu a wata ma'aikata. Ƙarin girmana, da gidan gwamnati da na ci wa buri, sa hannun Darakta kawai suke jira. Shi kuwa Darakta gwani ne na gaske, a Ingila ya koyo. Sai dai buɗin wasa ɗaya ya haddace kamar karatun allo: ka tura masa sojan gaban sarki, ya kafa katangarsa, ya cinye ka a hankali. Duk ma'aikata sun san haka, kuma kowa hakan yake tura masa, a zauna lafiya.

Aka shirya gasar sauri a kulob ɗin ma'aikata, irin wadda ake ajiye agogo mai fuska biyu, wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi. Muka haɗu a wasan ƙarshe, ni da Darakta, ga manyan baƙi daga Legas.

Mista Yohanna, babban akawunmu, ya ja ni gefe. "Ƙanena, sojan sarki. Ka ji ko? Na sarki."

Na ce, "Yaya, yau a bar gwaninta ta yi magana."

Na tura sojan gaban sarauniya, na kuma miƙa masa wani sojan kyauta. Darakta ya ƙura wa allo ido kamar an kawo masa fayil da Sinanci. Ya karɓi kyautar, dawakaina suka shige masa gida. Yana gumi, agogo yana ci. Kafin shayinsa ya huce na ce, "Ranka ya daɗe, sarki ya mutu."

Ba wanda ya tafa sai baƙin. Darakta ya miƙo min hannu yana murmushi, ya ce basira irin tawa bai kamata birni ya riƙe ta shi kaɗai ba.

Wata bai ƙare ba aka mayar da ni Konduga. Gidan kuwa aka bai wa wanda na lallasa tun zagayen farko. A can na gane cewa a aikin gwamnati, wasan ba kan allo yake ƙarewa ba.

Yohanna ne ya raka ni tasha. Ya taya ni ɗora katifa a kan mota, ya karkaɗe hannu, ya ce, "Kai mai hangen nesa, duk hangen nan ba ka hango Konduga ba? Ga ta nan kusa fa."